Ragowar Maganin Auduga

Akwai abu guda da na yi da hannuna wanda har in koma ga Ubangijina ba zan daina cewa da ma ban yi ba. Na fesa wa shanu maganin tsutsar auduga. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya ruɗe ni, kuma ba yaro ba ne ni a lokacin, gemuna ya riga ya yi fari. Yawancin shanun ma ba nawa ba ne, amanar mutane ce. Karatuna bai yi nisa ba, daga allo sai firamare, amma ina iya rubutu daidai gwargwado, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya faru tun da sauran hankalina.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar da ta tashi daga Funtua zuwa Malumfashi, sai an sauka daga kwalta an ɗan taɓa tafiya a babur. Manoma ne mu, masara da dawa da waken suya da auduga. Kiwon da muke yi kuwa na nama ne. A sayo maruƙa ko ƙananan bijimai a kasuwar Dandume ko ta Funtua, a riƙe su har su yi jiki, da kaka a ɗaure su a turke ana ba su dusa da harawa da angurya, in sun cika a sayar wa masu lodi zuwa kudu. Da yake bayan gidana akwai fili da fadama da rijiya, sai mutanen gari suka riƙa kawo mini nasu ina haɗawa da nawa. Ni in samu taki a gona, su kuma su samu mai lura. Ba a rubuta komai, ba a kiran shaida. Mutum ya jawo sansa ya miƙa mini igiya ya ce, "Ga shi nan, Malam," shi ke nan.

Tun da ɓarayin shanu suka hana mu shiga daji, sai garken ya tare a fadamar nan rani da damina. Ciyawa kam ga ta har gwiwa, amma nan ne gidan kaska. Da ruwa ya zauna sai ka ga ta jeru a ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne da tsakanin cinyoyi, ta sha jini ta kumbura kamar 'ya'yan zurma. Inda ta ciza nan kirci yake kamawa, fata ta yi ɓawo ta tsattsage, ƙuda ya bi. A da da hannu muke cire ta kowace safiya mu zuba a wuta. Amma 'ya'yana duk sun tafi, wani yana Zariya wani yana Kaduna, ni kuma bayana ya daina yarda da dogon sunkuyo.

Akwai maganin kaska na dabbobi, na san da shi, ana sayar da shi a Funtua. Sai dai na gano wata dabara da na ɗauka ta fi. Wata shekara na gama feshin auduga, na zuba ruwa a famfon feshin na ɗauraye, maimakon in zubar sai na watsa wa wani maraƙi ruwan ɗaurayar. Washegari kaska ta zube kamar an karkaɗe bishiya, maraƙi kuma yana cin ciyawarsa lafiya lau. Daga nan na mayar da abin al'ada. Na yi shekaru ina yi ba abin da ya faru, har ina faɗa a majalisa ina ƙafafa, wai ni magani ɗaya nake saya ya yi mini aiki biyu. A jikin kwalbar maganin akwai hoton ƙoƙon kan mutum, a ƙasa kuma ga ɗan hoton saniya an ja masa layi. Kullum ina ganinsu, har idona ya saba ya daina gani.

Cikin masu shanu a wurina akwai taubashiyata, 'yar kawuna. Tun muna yara muke tsokanar juna, kowa na cewa ɗaya bawansa ne, har muka tsufa ba mu bari ba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata suna gidajen aure a nesa, ita kuma sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli. Da wannan sana'ar ta sayi ɗan maraƙi fari mai baƙin kunne ta kawo mini. Ciwon yanar ido ya rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya soma yin hazo, kuma likitan ido ya ce aiki za a yi. Kowa a gari ya san san nan shi ne aikin idonta. Ya riga ya zama bijimi, tozo ya kwanta gefe, jira kawai muke kaka ta yi a ɗaure shi a turke ya ƙarasa cika.

Kowace safiya sai ta lallaɓo da sandarta da ƙwaryar ƙasari ta kawo masa. Shi kuma da ya ji muryarta sai ya bar 'yan'uwansa ya taho. Ran da abin zai faru ma ta zo. Tana shafa shi sai hannunta ya kai tsakanin cinyoyinsa, ta tsaya.

"Kai bawana, zo nan. Wannan kaskar ita ma kiwonta aka ba ka? In ta yi ƙiba wace kasuwa za ka kai ta?"

Na ce, "Ke da ba ki gani, ina kika ga kaska?"

"Hannuna ya gani. Kai mai ido biyu me ka yi da su? Ba ni aron ɗaya mana tunda ajiye su ka yi."

"In na ba ki ai madubi za ki fara nema, ki ga yadda kika koma, ki dawo mini da abina."

Ta yi dariya har tana tari, ta ce in dai ta dawo gobe ta tarar da kaska a jikin san nan, to ni za ta ɗaure a turke a madadinsa, ko da yake ta san ba mai saye. Na ce ta je, kafin gobe ko ɗaya ba za ta samu ba. Ban kawo wannan don in ɗora mata komai ba. Ita cewa ta yi a cire kaska, ba ta ce a yi abin da na yi ba.

A wannan shekarar, tsutsa ta yi wa auduga taurin kai. Na fesa maganin da na saba ba ta mutu ba, sai na sayo wani mai ƙarfi na haɗa su biyu, na kuma ƙara awo a kan yadda nake zubawa. Da safen nan na goya famfo na shiga gona. Na kai ƙarshen kunya ta ƙarshe rana ta take tsaka, na girgiza famfo na ji da sauran magani sosai, ya kusa rabi. Ba ruwan ɗauraya ba ne wannan, magani ne kamar yadda na haɗa shi. Na tsaya ina tunani. Zubarwa asara ce, ajiyewa kuma zai salance. Na ce a raina, bari in ƙara masa ruwa in na isa rijiya. Da na iso garke na ga shanu a tsaye wuri ɗaya a ɗaure, gajiya ta kama ni, rijiya kuma tana can ƙasan fadama, sai na ce ai dabba ba mutum ba ce, fatarta da kauri.

An yi ruwa jiya, rana ta buɗe da zafin nan mai sa gumi ko kana zaune. Shanun ba su sha ruwan rana ba tukuna. Da san taubashiyata na fara. Na jiƙa shi sharkaf, ƙarƙashin ciki da cinyoyi da cikin kunnuwa da duk inda kirci ya fasa fata, na koma na sake bi don kada in bar ko ɗaya. Saboda na fi damuwa da shi, shi ya fi kowa shan magani. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya har famfo ya soma tofar da iska, na ƙarshen ma ɗan yayyafi kawai suka samu. Na rataye famfo, na wanke hannu, na shiga gida na yi azahar na zauna cin abinci, zuciyata fari tas.

Ban gama ba na ji wani kuka daga garke, ba irin kukan da na sani ba, kamar ana shaƙe dabba. Na fita da lomar tuwo a hannu.

Abin da na gani har yau in na rufe ido ina ganinsa. Wani bijimina ja yana tsaye ƙafafu a warwatse, yawu na zuba daga bakinsa kamar an kwance famfo, naman jikinsa duka yana rawa, tun daga wuya har cinya, kai ka ce tururuwa ce ke yawo a ƙarƙashin fata. Na kusa da shi yana zawo yana fitsari a lokaci guda. Wani ya sa kai a turke yana turawa. Wasu suna lasar jikinsu, suna lasar juna, saboda ƙishirwa da ƙaiƙayi, wato suna ƙara shan abin da na zuba musu. San taubashiyata ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba, ya miƙe wuya, yana jan numfashi da wata ƙara kamar ana zuƙar kunu. Na duba idonsa, baƙin ya tsuke ya koma ɗan mitsitsi. Na kira shi yadda take kiransa, ko kunne bai motsa ba.

Na tsaya kamar an dasa ni. Wallahi ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Salati kawai nake yi, tuwon yana hannuna.

Da hankalina ya ɗan dawo sai na ruga gida na ɗauko kwalbar manja, domin mun taso muna ji ana cewa manja yana karya guba. Na kama hancin jan bijimin na ɗaga kansa na ɗura masa. Ya sarƙe, ya yi tari, manja ya fito ta hanci, ya faɗi rigijib.

Ihun da na yi ne ya fito da maƙwabcina. Kirista ne, tare muka yi wasan ƙasa, kuma da yake dattijo ne a majami'arsu duk gari Dattijo muke ce masa. Shi ma yana da 'yan shanunsa a bayan gida. Yana isowa ya ja hanci, ya dubi famfon da ke rataye, ya dube ni.

"Malam, ba dai wancan ba?"

Na gyaɗa kai.

"Tsantsarsa?"

Na sake gyaɗa kai. Ya kama baki. Ya zaro waya ya kira malamin dabbobi da ke zuwa mana allurar rigakafi daga Malumfashi, ya buɗe murya don in ji. Malamin ya tambayi abin da ke rubuce a jikin kwalaben, Dattijo ya karanta masa. Sai malamin ya ce, "Ku kwance su ku kai inuwa. Ku wanke su da sabulu da ruwa mai yawa, ku yi ta kwarawa, kada ku goge da ƙarfi. Kada a ɗura wa kowa komai, ko manja ko nono ko kanwa, huhu zai tafi. Ku ɗaura leda a hannu. Ga ni nan tafe, ku ajiye mini kwalaben."

Kada a ɗura komai. Na dubi jan bijimin a kwance da manja a hanci.

Kafin wani lokaci gari ya taru. Maza na jan ruwa a rijiya, mata na miƙo bokiti da sabulun wanki, kumfa ta cika fili. Masu shanu kowa ya nufi nasa. Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Mutum zai zo ya wuce ta gabana da bokiti, ya kawar da kai.

Cikin taron sai ga mahaucin garinmu da wuƙaƙensa a cikin buhu. Ba mugun mutum ba ne, abin da aka saba ya zo yi. A wurinmu in dabba ta kama hanyar mutuwa, gaggawar da ake yi ita ce a sa mata wuƙa kafin rai ya fita, kada ta zama mushe, ko ba komai a ci nama, mai ita ya rage asara. Ya duba jan bijimin ya ce, "Malam, wannan ba zai tashi ba. A yi bisimilla tun yana motsi." Ni kuma a ruɗe nake, na ce a yi. Ni na riƙe masa kai. Aka yanka, ya soma fiɗa nan take, har wasu sun fara cewa a ajiye musu hanta.

Sannan ya juya wajen san taubashiyata, wanda zuwa lokacin ya kwanta da haƙarƙari. Ita kuma an riga an gaya mata, ta iso ba ko sanda, wata mata na riƙe da hannunta. Ta zauna a cikin caɓi ta ɗora kansa a cinyarta tana share masa kumfar baki da gefen zanenta.

Mahauci ya rusuna ya ce, "Iya, a yi haƙuri. In aka ƙara jinkiri, ba sa ba nama. Yanzu kuwa ko yaya ne za ki samu abin da za ki riƙe."

Ni ma na matso na ce, "Ki bari a yanka. Ko rabin aikin idon ne a samu."

Tana shirin ba da amsa sai wata mata ta yi salati da ƙarfi tana nuna gindin turke. Kajin gidana ne, waɗanda kullum suke bin shanu suna tsattsagar kaskar da ta faɗo. Ga su nan a zube, wasu sun miƙe ƙafa, wata tana juyawa a wuri ɗaya da fiffike a buɗe. Can gefe ga balbela fara fat a kwance cikin ciyawa. Taubashiyata ta ce, "Me ya faru? Ku gaya mini, ba na gani." Aka gaya mata.

Ta ce, "Kaskar da ta sha jininsa ita ta kashe kaza?"

Aka ce i.

"To wanda ya ci naman fa?"

Ta juya fuska wajen da take jin numfashin mahauci ta ce, "Mayar da wuƙarka, ɗan nan. Ba za a ci wannan a garin nan ba, ba kuma za a kai shi wani gari ba." Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Nawa ne ko naka?"

Har ga Allah, sai a lokacin tunanin ya zo mini cewa naman da ake fiɗa a bayana da yardata, da ya shiga tukwanen gari kafin magariba. Na tuna masu cewa a ajiye musu hanta, da yaran da ke gidajensu.

Malamin dabbobi ya iso a babur wajen la'asar, laka har gwiwa. Bai gaisa da kowa ba. Ya duba kwalaben, ya buɗe jaka ya soma yi wa shanu allura, waɗanda suka fi jin jiki a jijiyar wuya. Na ga abin mamaki, dabbar da ke zubar da yawu tana rawar jiki, kafin a jima bakin ya bushe, numfashi ya daidaita. Ya ce za a maimaita in alamun sun dawo. Da ya ga naman da aka fiɗe ya ce a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne shi duka, har fata, har kajin, a danne da ƙaya saboda karnuka. Ya ce waɗanda suka tsira ma kada a yanka ko a sayar da ko ɗaya sai ya dawo ya ba da izini. Sai ya dube ni ya ce, "Baba, kai ma cire rigar nan ka yi wanka da sabulu. Hannunka rawa yake." Ban ma lura ba.

San taubashiyata ya yi masa allura har da ƙari. Ya ɗan ɗaga kai, har mutane suka fara hamdala. Malamin ya sa kunne a ƙirjinsa ya daɗe, ya tashi ya ce a hankali, maganin ya shiga ta inda kirci ya fasa fata, kuma ruwa ya riga ya taru a huhu. Rana ba ta faɗi ba san ya shure ƙafa sau ɗaya ya yi shiru, kansa a cinyarta. Ta ci gaba da shafa kunnensa. Sai da matar da ta kawo ta ta ce, "Iya, ya tafi fa," ta ce, "Na sani. Ni na fara ji."

Na durƙusa a gabanta na ce, "Ni na yi. Ba ƙaddara ba ce kawai, ganganci ne." Na jira ta kira ni bawa, ta ce mini wawa, ta ce komai. Sai ta ce, "Malam, a kama ni in tashi." Tunda muke ba ta taɓa ce mini Malam ba.

Ni da Dattijo da wasu muka ja shi da igiya zuwa ramin. Yawancin garken sun tashi, alhamdu lillahi, ko da yake sun rame, sun daɗe ba su koma cin kirki ba. Cikin makonnin da suka biyo baya masu shanu suka riƙa zuwa da ɗai-ɗai, kowa da uzurinsa. Wannan ya ce ɗansa ya dawo zai riƙa lura, wancan ya ce yana son taki a gonarsa. Na kwance na miƙa wa kowa igiyarsa, ban riƙe kowa da magana ba.

Da malamin dabbobi ya ce shanun sun fita daga haɗari, na zaɓi wanda ya fi kyau cikin nawa da suka rage na aika a gaya wa taubashiyata nata ne. Ta ce ba a biyan amana. Na je wurin liman, ya ce in da sakaci ana biya, ya kuma je da kansa ya gaya mata. Sai ta karɓa. Bai kai nata girma ba, don haka aikin ido bai yiwu ba a shekarar, sai da ta sake zagayowa, kuma kafin nan ɗaya idon ma ya rufe. Ta yi watanni sai an ja ta ko bayan gida za ta. Ni na jawo mata wannan duhun.

Da na je gidanta na tambaye ta ko in ci gaba da riƙe mata san a wurina, sai ta ce, "A'a. A kai mini shi wurin Dattijo." Ban aiki kowa ba. Ni na kama igiyar na ratsa tsakiyar gari da shi da hantsi, kowa na kallo, na miƙa wa Dattijo a ƙofar gidansa.

To, jama'a, ku da kuke noma kuna kiwo kamar yadda muke yi, ina roƙonku don girman Allah. Maganin gona na gona ne, ko ruwan ɗaurayarsa kada ya taɓa dabba, kuma kada shekarun da kuka yi kuna yi ba abin da ya faru su ruɗe ku. Ku sayi na kaska wanda aka yi don dabbobi, ku tambayi malamin dabbobi awonsa, ku shayar da su tukuna, ku yi da sanyin safiya, da famfon da ba a taɓa zuba maganin gona a ciki ba. In tsautsayi ya faru ku wanke, ku kira shi, kada ku ɗura komai. Dabbar da ta sha guba kuwa, wuƙa ba ta fitar da gubar daga namanta, ku binne ta. Ni na yi, na ga abin da ya biyo baya, kada wani ya sake yi.